Albashin manajan tallace-tallace a Birtaniya: amsa ga ƙanena mai shirin zuwa

Assalamu alaikum ƙanena. Saƙonka ya iso, na kuma yi murna da jin ka samu gurbin digiri na biyu a fannin tallace-tallace. Ka ce ka gani a intanet manajojin wannan fanni suna ɗaukar sama da dala 150,000 a shekara, ka buga a naira har kanka ya juya, kana tambaya ko haka abin yake a nan, kuma tsakanin Landan da sauran garuruwa ina ya fi.

Adadin da ka gani ba ƙarya ba ne, amma na Amurka ne. Hukumar ƙididdigar ma'aikata ta can ta sa matsakaicin albashin manajan tallace-tallace a wajen dala 157,000 a shekarar 2023, kuma su New York da Kalifoniya ne ke ja shi sama. Sai dai wanda ake kira manaja a wannan lissafin mutum ne da ya daɗe a aiki, yana da mutane a ƙarƙashinsa da kasafin kuɗi a hannunsa. Birtaniya ba ta biyan ko kusa da haka. Ka cire wannan lambar daga ranka gaba ɗaya, don za ta ɓata maka lissafi.

A nan, matsakaicin abin da ma'aikacin cikakken lokaci ya samu a 2024, kowane irin aiki ne, wajen fam 37,400 ne a shekara. A Landan ya haura fam 47,000, a arewa maso gabashin Ingila, wato su Newcastle da Sunderland, wajen fam 33,000. Manajan tallace-tallace yana sama da wannan matsakaicin, amma ba da nisa sosai ba. Abin da nake gani a tallan guraben aiki a LinkedIn da Indeed, a Manchesta da Leeds da Birmingham yawanci ana rubuta tsakanin fam 38,000 da 50,000, a Landan kuwa daga 45,000 zuwa sama da 60,000. Kamfanonin fasaha da bankuna da masu haɗa magunguna sun fi sakin hannu. Ƙungiyoyin agaji, jami'o'i da ƙananan kamfanonin talla suna ƙasa. Kuma a kula, sunan manaja a nan yana da arha. Za ka ga ƙaramin kamfani mai mutum goma sha biyar yana neman manajan tallace-tallace a kan fam 32,000, idan ka karanta bayanin aikin sai ka tarar kai ne mai rubuta saƙon imel, kai ne mai kula da Instagram, kai ne mai ɗaukar hoto, kai ne mai tsayuwa a rumfa ranar baje koli. Ba ka da kowa a ƙarƙashinka sai kwamfutarka.

To bari mu zauna a kan batun gari, don a nan mutanenmu suka fi ruɗewa. Ɗauki mutum biyu, ɗaya yana Manchesta a kan fam 45,000, ɗaya yana Landan a kan fam 55,000. A takarda na Landan ya fi da dubu goma. Amma haraji a Ingila yana tafiya ne mataki-mataki: fam 12,570 na farko ba a taɓa su, daga nan zuwa 50,270 ana cire kashi 20 cikin ɗari, abin da ya haura kuma kashi 40. Ga kuɗin inshorar ƙasa, kashi 8 a wancan tsakanin, kashi 2 a sama. Idan ka buga, na Manchesta zai ga wajen fam 2,990 a asusunsa duk wata, na Landan wajen fam 3,540, kafin a cire na fansho. Dubu goman nan ta koma fam 550 a wata ke nan.

Sai haya ta zo ta cinye ta. Matsakaicin kuɗin haya a Landan ya wuce fam 2,000 a wata, alhali a arewa maso gabas bai kai fam 800 ba, Manchesta kuma tana tsakani, tana ta hawa kullum. Katin jirgin ƙasa na wata a Landan, ga wanda yake zaune ɗan nesa da tsakiyar gari, wajen fam 200 ne. Ni a nan Manchesta fam 2 nake biya in hau bas. Akwai wani ɗan uwa da na ziyarta a gabashin Landan, albashinsa ya fi nawa, amma ɗaki ɗaya yake haya a gidan mutum biyar. Firij ɗaya suke da shi, kowa da layinsa, an manna suna da salatif. Buhun shinkafarsa a ƙarƙashin gado yake ajiye shi, sallaya kuwa sai ya tura kujera waje kafin ta shimfiɗu. Mutumin nan manaja ne a ofis, da katinsa a wuya.

Ban ce Landan ba ta da amfani ba. Guraben sun fi yawa a can nesa ba kusa ba, manyan kamfanonin talla a can suke, hedikwatar Unilever a can take, kuma wanda ya jure shekara uku ko huɗu a can yana hawa da sauri fiye da mu. Ga saurayi marar iyali mai iya kwana a ɗaki ɗaya, hanya ce. Kai kuwa kana da mata da yaro, ra'ayina ka duba arewacin Ingila. Kamfanoni ba su ƙare a Landan ba. PZ Cussons da ka sani tun kana yaro, mai sabulu da man shafawa, hedikwatarsa a Manchesta take. Ga kuma manyan kantunan sayar da kaya: Co-op ma a Manchesta yake, Asda yana Leeds, Morrisons yana Bradford, Boots yana Nottingham, kowannensu da sashen tallace-tallace babba. Tun bayan korona kuma kamfanoni da yawa kwana biyu ko uku kawai suke so a zo ofis a mako, har wasu ke zama a Reading ko Milton Keynes suna shiga Landan da jirgi. In ka leƙa Sikotilan, su tsarin harajinsu daban ne, mai albashi irin wannan yana biyan fiye da na Ingila kaɗan.

Amma ƙanena, hangen Dala ba shiga birni ba ne. Duk wannan lissafin na wanda ya riga ya zama manaja ne, kai kuma da wuya a fara da kai daga nan. Shekarun da ka yi kana tallata kaya a Kano da Kaduna suna da daraja, ni na san abin da ake sha kafin a shigar da sabon kaya Kantin Kwari ko Singa, amma mai ɗaukar aiki a Leeds abin da zai fara tambaya shi ne ko ka san kwastoman Birtaniya. Mafi yawan namu suna farawa ne da muƙamin mataimaki ko jami'in talla, inda ake rubuta fam 24,000 zuwa 32,000. Don ka gane girman abin, mafi ƙarancin albashi na doka da aka sa a Afrilun 2025 fam 12.21 ne a awa, wanda ya yi cikakken mako a kai zai tashi da kusan fam 24,000 a shekara. Wato mai digiri na biyu a matakin farko bai fi mai jera kaya a kanti da wani abin kirki ba.

A nan ne albashi yake haɗuwa da biza, kuma wannan ya fi komai muhimmanci a gare ka. Bayan ka gama karatu za a ba ka izinin zama ka yi kowane irin aiki, shekara biyu ne a da, gwamnati ta sanar da rage shi zuwa wata 18 ga masu nema daga Janairun 2027. Kafin ya ƙare dole ka samu kamfani mai lasisin ɗaukar 'yan waje da zai tsaya maka. Tun Yulin 2025 mafi ƙarancin albashin wannan bizar aiki da kamfani ke tsaya wa mutum fam 41,700 ne, ko kuma farashin da aka yanka wa wannan sana'ar in ya fi haka, kuma an ɗaga matakin aikin zuwa na masu digiri. Waɗanda suka fito daga karatu suna da rangwame zuwa fam 33,400, amma na shekara huɗu ne kacal, har da lokacin da ka ci a izinin bayan karatu. Ka ga tazarar da ke tsakanin albashin farko na wajen fam 28,000 da wannan 41,700? Ita ce ainihin aikin da ke gabanka, kuma lokacin ƙanƙani ne. A wannan gaɓar Landan tana da wata fa'ida da ba a cika faɗa ba: ƙa'idar ɗaya ce a duk ƙasar, ba ruwanta da tsadar gari, don haka albashin Landan ya fi saurin tsallake ta ko da aljihu bai shaida ba.

Sannan tun Janairun 2024 ɗalibin digiri na biyu na aji ba ya zuwa da iyalinsa, sai mai digirin bincike ko wanda gwamnati ta ɗauki nauyinsa. Ku zauna da uwargida ku yi wannan maganar tun yanzu. Ga kuɗin lafiya da ake biya tare da biza, fam 776 a shekara ga ɗalibi, 1,035 ga ma'aikaci. Aiki lokacin karatu kuma awa 20 ne a mako, kada wani ya ce maka da shi za ka biya kuɗin makaranta.

In har za ka zo, ka karkata wajen ɓangaren lissafi da bayanai, don a nan kuɗin yake kuma a nan kamfanoni suka fi yarda su tsaya wa baƙo. Ka koyi Google Analytics da HubSpot, manhajojin bin diddigin masu ziyartar shafin intanet da kwastomomi, ka ƙware a Excel sosai, ka iya tsara tallan Google da Meta (mai Facebook da Instagram) da auna abin da kowane fam ya dawo da shi. Takardar shaidar CIM, cibiyar ƙwararrun masu tallace-tallace ta Birtaniya, ma ana ganin ƙimarta. A takardar neman aikinka ka daina rubuta “na kula da tallace-tallace a jihohin arewa”, ka rubuta dillalai nawa ka ƙara, ciniki ya tashi da kashi nawa, cikin wata nawa. Gwamnati tana wallafa jerin kamfanonin da ke da lasisin ɗaukar 'yan waje, kyauta ne, ka sauke shi ka tace da sunan garin da jami'arka take kafin ka biya ko sisi na kafin alƙalami.

Turo mini sunayen kwasa-kwasan da ke cikin shirin da takardar neman aikinka in duba maka su a ƙarshen mako. A gaida Hajiya da uwargida, a shafa mini kan yaro.