Hoton alat ɗin banki a jikin allon talla: me doka ta ce?

Tambaya: Barista, ina sayar da shinkafar gida buhu-buhu a Birnin Kebbi. Yaron da ke yi mini zane ya haɗa mini fosta, ya sa hoton hirarmu ta WhatsApp da wani mai saye yana yaba shinkafar, da kuma alat ɗin kuɗin da ya turo, tambarin bankin ya fito sarai. Na yaɗa a waya, na kafa allo a ƙofar shago. Yanzu an ce mini laifi ne. Da gaske ne?

Amsa: Hajiya, wanda ya gaya miki bai yi ƙarya ba, sai dai ba ta inda kike tsoro haɗarin zai fi ɓullowa ba.

Fuskar manhajar WhatsApp da tambarin bankin duk na masu su ne. Dokar Haƙƙin Mallaka ta 2022 ta kare manhajar kwamfuta kamar yadda ta kare littafi. Ta yi sassauci ga mai koyarwa, mai bincike, mai sharhi da ɗan jarida, amma da wuya tallar neman riba ta raɓe a nan. Game da tambari kuwa, abin dubawa shi ne: mai wucewa zai ɗauka bankin ne ya tsaya miki, ko kuna haɗin gwiwa? Irin wannan shari'a ta Babbar Kotun Tarayya ce, ba ta kotun shari'a ko ta majistare ba. A aikace dai, kamfani yakan fara da takardar gargaɗi a sauke allon.

Wanda ya fi damuna shi ne mai sayen nan. Ki ƙare wa fostar kallo: ga sunansa, ga lambar wayarsa, wataƙila har hotonsa a saman hirar, ga adadin kuɗin da ya turo, sau da yawa ma ragowar abin da ke asusunki yana nan a ƙasan alat ɗin. Dokar Kare Bayanan Jama'a ta 2023 ta hana amfani da irin waɗannan bayanai haka kawai. Yabon da ya yi miki a waya ba izini ba ne, shirunsa ma dokar ta ce ba izini ba ne, kuma ke ce za ki nuna hujjar cewa ya yarda. Yana iya kai ƙara hukumar kare bayanan jama'a ta ƙasa, wato NDPC, wadda ke da ikon cin tarar ƙaramin ɗan kasuwa har naira miliyan 2 ko kashi 2 cikin 100 na kuɗin shigarsa na shekara, duk wanda ya fi yawa. Bar ma ta tara. A yanayin tsaron da muke ciki, shelanta cewa wane ya biya kuɗin buhu kaza a bakin titi ba ƙaramin ganganci ba ne.

Idan kuma yaron ya ƙara sifili a kuɗin, ko ya ƙirƙiro hirar, an shiga yaudarar masu saye, wadda dokar kare masu saye ta 2018 ta haramta. Ki kuma sani dokar hukumar kula da tallace-tallace ta ƙasa (ARCON) ta 2022 ta ce a tantance talla kafin a sake ta, har ta intanet.

Shawarata, ki sauke allon yau, ki goge wanda kika yaɗa. In kina son maganar mai sayen, ki nemi yardarsa a rubuce. Saƙon waya da ya fayyace me za a sa da inda za a sa ya wadatar, ki adana shi. Yaron ya zana fuskar waya ta kansa, ba tambari, ba launin wani banki. Suna da lamba a yanke su gaba ɗaya, ɗan shafe-shafen nan da ake yi da yatsa ana iya karanta abin da ke ƙarƙashinsa. In lallai sai da tambarin, ki rubuta wa bankin ki jira amsa.

Ki sa yaron ya rubuta cewa ya mallaka miki sabon zanen, ya sa hannu, domin biyan kuɗin aiki kaɗai ba ya mayar da haƙƙin zane hannunki.