Irin waken damfami daga Gombe zuwa Amurka: kar ki yarda a ɓoye miki shi a gwangwani

Wata ƙanwarmu 'yar Pantami da ke aure a jihar Ohayo ta Amurka ce ta rubuto, yanzu haka tana gida Gombe hutu, saura kwana goma ta koma. Ta ce akwai waken damfami a dangar gidansu, wanda malaman gona da makiyaya ke ce wa lablab, marigayi babansu ne ya shuka, tana son ta tafi da irin ta shuka a bayan gidanta don tunawa da shi. Yayanta ya haɗa ta da wani ejan da ya ce zai zuba irin a gwangwanin madara ya liƙe kamar sabo, kuma tunda za a liƙe ɗin sai dangi suka ce a haɗa da kilishi da wake, saƙon mutum uku. Girin kad ne da ita, wato katin izinin zama na dindindin a Amurka, baɗi za ta nemi zama 'yar ƙasa.

Ƙanwata, Allah ya jiƙan Baba ya sa ya huta. Na fahimci abin da ke ranki, amma gwangwanin nan kam kar ki taɓa shi.

Kin san tambayar da ake yi wa duk mai shiga, ko a fom ko a waya ko da baki: kina ɗauke da abinci, tsiro, iri ko nama? In kika ce eh aka duba aka ga bai halatta ba, karɓewa za su yi su zubar ki wuce abinki, ba tara ba komai. Matsalar tana wajen cewa a'a alhali akwai. Na ga wata baiwar Allah da aka yi wa irin wannan liƙin, ɗan ƙaramin karen nan nasu mai shinshina ya zo ya zauna gefen akwatinta bai motsa ba, aka buɗe gwangwanin gaban 'ya'yanta, ta biya tarar ɗaruruwan daloli, kuma ta ce min tun daga nan sau biyu ana ware ta gefe a zazzage mata kaya. Ejan ɗin ya daɗe da cin kuɗinsa, da aka kira shi cewa ya yi ai tsautsayi ne. Ke kuma naki ya fi nata nauyi, don fom ɗin N-400 na neman zama 'yar ƙasa da za ki cike baɗi yana tambaya ko kin taɓa ba wani jami'in gwamnatin Amurka bayanin ƙarya. Ban ce tarar iri za ta ƙwace miki kati ba, amma me zai sa ki ɗora wa kanki abin da sai kin yi bayaninsa a ranar intabiyu?

Hanyar gaskiya tana nan. Ma'aikatar gonarsu, USDA, tana ba da izinin shigo da iri ɗan kaɗan, sunan fom ɗin PPQ 587, kyauta ne, ƙwaya 50 a kowace 'yar leda, a rubuta sunan tsiron na kimiyya wato Lablab purpureus, a aika ta gidan waya zuwa tashar bincikensu kafin ya iso hannunki. Kwana goma ba zai isa ba, sai kin koma ki nema, in ya fito a aiko miki.

Sai dai bari in faɗa miki abin da ejan bai sani ba. Yawancin lablab ɗinmu na nan ba ya fure sai rana ta fara gajarta, shi ya sa kike ganinsa da fure bayan damina ta ja baya. A Ohayo lokacin da rana za ta gajarta sanyi ya kusa, jaura ɗaya a watan Oktoba za ta kwantar da shi, sai ki ƙare da ganye zalla. Alhali a can shagunan kayan lambu suna sayar da irinsa da 'yan daloli kaɗan, akwai wanda ake kira Ruby Moon, furensa ruwan hoda da shunayya, kwanson kuma shunayya mai duhu, mai sheƙi kamar an shafa mai. Ki jira tsakiyar Mayu ƙasa ta yi ɗumi, ki jiƙa irin ya kwana, ki binne shi zurfin gaɓar yatsa inda rana ke duka sosai, ki kafa masa waya ko igiya mai ƙarfi don yana haura mita 3 kuma yana da nauyi. Kar ki cika masa taki, wake ne, taki in ya yi yawa ganye zai yi ta yi ba fure. Ɗanyen kwanson tun yana laushi ki dafa ki sa a miya, ganyen ma ana ci. Busasshiyar ƙwayar ce ke da guba in ba a dafa ba, sai an jiƙa an tafasa sosai an zubar da ruwan an sake wani, kuma ki lura da yara don kyan kwanson yana jan hankalinsu.

Maganar dangi kuwa, a nan ina bayanki ɗari bisa ɗari. Mutanenmu sun ɗauka wanda ke waje akwati ne mai ƙafa, kowa ya kawo ƙullinsa, ba wanda ke tambaya me zai same ki in an buɗe. Kilishi nama ne, ba ya shiga ko kin bayyana shi. Yaya ba shi zai tsaya a layin kwastan ba, ba sunansa ne a fasfo ba, kuma in takardunki suka samu cikas shi ne zai fara rasa kuɗin makarantar yaran da kike turowa. Ki same shi cikin ladabi ki ce, Yaya ka yi haƙuri, duk abin da ban ga cikinsa ba kuma ba zan iya faɗa a fili ba, ba zan ɗauka ba. In ya yi fushi ki kai maganar gaban Hajiya, na tabbata ita 'yarta take so ta sauka lafiya. Kafin ki tafi ki roƙe ta ta tsinke busassun kwansuna ta adana miki a kwalba da ɗan toka saboda ƙwari, har izinin ya fito.