Mai yi wa Inna gashi tana horon ƙwarewa, in nemi a canza ta?

Tambaya: Assalamu alaikum, likita. Daga Talata Mafara nake. Mahaifiyata ta samu shanyewar ɓarin jiki sanadiyyar hawan jini, aka tura mu wani babban asibiti. Wadda ke yi mata gashi ta ce tana cikin horon ƙwarewa ne, wani lokaci ma babbansu yakan zo ya tsaya a kanta yana yi mata tambayoyi. Anya ba koyon aiki ake yi da Inna ba? In nemi a canza ta?

Amsa: Wa'alaikumus salam. Allah ya ba Inna lafiya, ya sa kaffara ne. Malam, kada ka nemi a canza ta.

Wannan baiwar Allah ba ɗaliba ba ce. Sai da ta yi shekara 5 a jami'a, wasu jami'o'in ma yanzu 6 ake yi, ta ƙara shekara guda tana aiki ƙarƙashin kulawa a asibiti, sannan ta riƙe cikakken lasisin hukumar MRTB, wadda aka kafa a 1988 don yi wa masu wannan aiki rajista. Da ta so, da ta tsaya nan ta ci gaba da duba kowa da kowa: mai ciwon baya, wanda aka cire wa filasta, yaron da allura ta taɓa wa jijiya. Sai ta zaɓi ta zurfafa a fanni ɗaya. Tunda masu shanyewar jiki take gani, mai yiwuwa fannin ƙwaƙwalwa da jijiyoyi ne.

Aikinta na yau da gobe bai bambanta da na sauran ba, sai dai a wuri guda: duk abin da ta yi wa majinyaci sai ta kare shi da hujja. Ta auna ƙarfin hannu da ƙafa, ta duba ko Inna na iya zama ba jingina, ta rubuta, ta tsara abin da take so a cimma nan da mako biyu. Sannan ta gabatar a gaban manya su yi mata tankaɗe da rairaya. Me ya sa kika fara da tsayuwa? Me ya hana wannan kafaɗar ɗagawa? Tambayoyin da kake ji ke nan. A Amurka, inda tsarin ya daɗe da kafuwa, horon ba ya kasa awa 1,800, kuma aƙalla awa 150 daga ciki mai karɓar horon da malaminsa ne su biyu a kan sha'anin majinyata. A ganina wannan tsayawar ita ce ribarku, domin mutum biyu ke tunani a kan Inna. Mu da muka daɗe a aikin, ba kasafai ake samun mai ce mana "me ya sa" ba, kuma hakan ba alheri ba ne.

Abin da ya fi damuna ba shi ne ka tambaya ba. Yawancin sauƙin da ake samu bayan shanyewar ɓarin jiki yana zuwa ne a wata 3 zuwa 6 na farko, kuma maimaita motsi ne ke kawo shi, ba zaman asibiti kaɗai ba. Na san hanya da kuɗin mota ba za su bari ku riƙa zuwa kullum ba. To ka roƙe ta ta koya wa mai jinyar Inna atisayen gida, ku ɗauka a waya. Kada a ja hannun da ya shanye wajen tayar da ita, kafaɗar na iya saki ta kama ciwo. A tallabe ta ta jiki. Idan ba ta iya juyawa da kanta, a riƙa juya ta duk bayan awa biyu saboda gyambon kwanciya. Maganin hawan jini kuwa kada a tsayar da shi don an ga sauƙi.

Kana da haƙƙin ka tambaye ta abin da take sa ran Inna za ta iya yi nan da wata guda. Idan lokacin ya cika ba ku ga alama ba, ka nemi su zauna da babban nata a sake duba tsarin.