Lambar da ke kan leda ba ta faɗin wanda ya ƙera magazin

Ɗan'uwa, da na karanta tambayarka sai da gabana ya faɗi, don ramin da kake leƙawa ni na riga na faɗa cikinsa. Ka ce magazin ne, wato gidan harsashin bindigar M16, masu cin harsashi 30, a ledarsu an buga 1005-00-921-5004, marfin gindin yana ɗauke da sunan Colt amma a jiki ka ga 33710, shi ne kake tsoron ko haɗe-haɗe aka sayar maka. Kwantar da hankalinka tukuna. 33710 lambar CAGE ce, wato lambar shaidar kamfanin da ke yi wa soja kaya, ta Okay Industries, kuma su ne suka daɗe suna yi wa Colt magazin, saboda haka wannan haɗin ba baƙon abu ba ne. Da 12238 ka gani, wato Center Industries, a ƙarƙashinsa kuma marfin wani kamfani daban, to da sai in ce wani ya yi canji. Marfin gindi ai ko minti ɗaya ba ya kaiwa an zare shi an sa wani. Ni dai na daina yarda da shi.

Ita kuwa doguwar lambar da ke kan ledar, wato lambar rajistar kayan soja, kada ka ɗora mata abin da ba za ta iya ɗauka ba. 1005 rukuni ne na bindigogi har zuwa milimita 30 da kayansu, biyun da ke biye lambar ƙasa ce, 00 ko 01 Amurka ke nan, kamar yadda 12 take ta Jamus, 99 ta Birtaniya, 13 ta Beljiyam. Sauran bakwai ɗin su ne sunan kayan a rumbun soja. Duk kamfanin da ya samu kwangila lambar nan zai buga. Kuma duk mai injin buga takarda zai iya buga ta, a nan ne aka ci ni.

Wani mutum, ba zan kira sunansa ba amma Allah ya san shi, ya kawo mini magazin ɗin M14 guda shida naɗe a takardar mai, kowanne da harafin W a bayansa. Ya rantse na Winchester ne tun 1962, ba a taɓa buɗe su ba. Har da nuna mini kwanan watan a jikin takardar. Mutum ne da muka yi shekaru muna musayar kaya, na taɓa ba shi aron littattafaina, ɗaya ma har yau bai dawo ba. Na karɓa ban ko juya takardar da kyau ba. Wata huɗu ina alfahari da su. Ranar da asiri ya tonu, a gaban mutane ne, na shimfiɗa su a tebur wajen baje-kolin masu tara kayan soja. Wani dattijo ya ɗauki ɗaya, bai ko kalli ƙarfen ba, takardar ya karanta: 1005-00-628-9048. Ya ce, “Yaro, ƙirga mini lambobin nan.” Na ƙirga, 13. Ya ce a 1962 guda 11 ne, ba a cusa 00 ɗin nan a tsakiya ba sai 1974. Ya ajiye ya wuce abinsa. Wallahi ji na yi kamar ƙasa ta tsage in shige. Mutum biyu na tsaye suna kallona, ɗaya har da murmushi. Da na koma gida na sa gilashin ƙara girma, sai ga W ɗin ya nutse da zurfi, gefensa da ƙyallin sabon ƙarfe, alamar bayan an gama rinin jikin aka buga shi. Tambarin masana'anta kafin rini ake buga shi, launin ciki da na waje ɗaya ne. Na kira mutumin ya fi sau goma. Da ya ɗauka cewa ya yi shi ma haka aka sayar masa. Ko haƙuri bai ba ni ba. Ba kuɗin ne ke ci mini rai ba, rantsuwar ce.

To, ka koma kan naka. Dubi abin da ke tura harsashi sama. Baƙi shi ne tsohon yayi, kore ya biyo baya, mai ruwan ƙasa ya shigo a 2009 kuma shi lambarsa daban ce, 1005-01-561-7200. Idan ledarka ta ce 921-5004 amma ciki ruwan ƙasa ne, an taɓa shi, ko da yake sojoji da kansu sun sha canjawa, ba lallai zamba ba ce. Nemi wata da shekara kusa da 33710 ɗin. Idan akwai rubutun Turanci mai cewa na gwamnati da jami'an tsaro ne kaɗai, to tsakanin Satumba 1994 da Satumba 2004 aka yi shi, lokacin dokar Amurka da ta taƙaita sayar wa farar hula manyan magazin. Mai kwanan 1998 da babu rubutun nan, ni zan yi masa kallo biyu. Ka kuma kanga maganaɗisu a jiki, na M16 mai wannan lambar alminiyam ne, ba ya kamawa.

Tamburan masana'antun magazin ɗin AK ma haka suke wahalar da mutane, kibiya cikin alwatika ta Izhevsk, tauraro na Tula, 10 cikin da'ira ta Bulgeriya, duk na ga na ƙarya. Wannan zance ne na wata rana.

Guda shidan nan suna nan a akwati, ban sayar ba, don ba zan yi wa wani abin da aka yi mini ba. Ka ɗauko hoton bayan naka inda ɗigon waldar yake, da na lambar daga kusa cikin hasken rana, ba da fitilar waya ba, ka saka mana a nan mu gani. Ledar kuma kada ka yar, ka ɗauko ta gaba da baya.