Alhaji bai ci riba ba, naira ce ta rame

Yarona, jiya bayan Alhaji ya ja motarsa ya fita, ka tsare ni a bakin rami kana goge baƙin mai a hannunka, ka ce: "Oga, mutumin nan miliyan 30 ya sayi Marsandi C63 ɗin nan a 2021, yau ana taya masa ita miliyan 60. Kai kuma ka ce in ya ba da ita ya yi ciko ya ɗauko Porsche, asara biyu zai yi. Ina asarar take?" Na ce maka ka bari sai mun tashi, don maganar ba ta tsaye ba ce. To ga amsarka.

Abu na farko da za ka sa a ranka, motar nan ba da naira aka ƙera ta ba, kuma ba da naira za a sayo magajiyarta ba. Daga Jamus ta fito, ta yi zamanta a Amurka, sannan ta hau jirgin ruwa zuwa Legas. Duk inda ta bi da dala aka yi cinikinta. Saboda haka in za ka auna ta, da mudun dala za ka auna.

Bari mu dunƙule lissafin don ya yi sauƙi. A 2021 dala a wajen 'yan canji tana kai da komo a wajen naira 500. Miliyan 30 ke nan dala 60,000. A watan Yunin 2023 Babban Banki ya sakar wa naira mara, kafin a yi nisa cikin 2024 dala ta haura naira 1,500. Ɗauki miliyan 60 ɗin da ake taya masa ka raba da 1,500. Nawa ka samu? Dala 40,000. Wato kashi ɗaya cikin uku na kuɗin motar ya tafi, shi kuwa yana murna kuɗinsa ya ninka. Motar ba ta yi ƙiba ba, mudun ne ya ƙanƙance. Wannan ita ce asarar farko, kuma ba na ganin laifin kowa a cikinta, kowa ya sayi rariya ya san za ta zubar da ruwa.

Ta biyun ita ce mai ciwo, kuma ita ce mutane ba sa kallo. Mai son canja mota ba kuɗin tsohuwa ne damuwarsa ba, ba kuma kuɗin sabuwa ba. Cikon da zai yi shi ne magana. Porsche 911 Carrera, wadda babu wani ƙari a jikinta, samfurin 2020 an sa mata dala 97,400 a Amurka. Samfurin 2025 kuwa 120,100. Ka ga lokacin da Alhaji ya sayi tasa, tazarar da ke tsakaninsa da 911 wajen dala 40,000 ce, miliyan 20 a canjin lokacin. Yau tasa ta sauko 40,000, waccan ta hau 120,000 a farashin 2025, tazara ta zama 80,000. Buga da 1,500 ka gani: miliyan 120. Ciko ya ninka sau shida, kuma ban sa kuɗin jirgi ba, ban sa na kwastan ba. Su kwastan ma da farashin dala na ranar suke lissafa fito, kuma tun 2022 da lambar shasi suke yi wa mota kuɗi, ba yadda ake yi da ba, a rubuta mata ƙaramin farashi a takarda a wuce. Ta kan iyakar ƙasa kuwa, hanyar Kwatano da ubanninmu suka ci abinci da ita, a farkon 2017 aka hana shigo da mota.

Za ka ce me ya sa sababbin suke ta hawa haka? Dalilai sun haɗu. A 2021 da 2022, bayan korona, kamfanoni sun rasa 'yan ƙananan na'urorin lantarki da ake sa wa a ƙwaƙwalwar mota, aiki ya tsaya, mota ta yi wuya. A Amurka har an kai inda wasu motocin hannu suka fi sababbi tsada, don sabuwar sai ka jira watanni. Kuɗin ruwa a bankunansu kuma yana ƙasa, kowa ya ci bashi ya saya. Daga Maris na 2022 babban bankinsu ya shiga ɗaga kuɗin ruwa, ya taso daga kusan sifiri har ya wuce kashi 5 cikin ɗari a tsakiyar 2023. Kasuwar na hannu ta sauko, amma kamfanonin ba su sauke farashin sababbi ba, tunda sun ga ana saye. Wanda ya saya a ganiyar tsadar nan shi ya fi kowa ƙonewa. Ga dokokin hayaƙi na Turai da suke tilasta musu ƙara batir da tarkacen lantarki, ga harajin da Amurka ta ɗora wa motocin waje a 2025. Mu da muke saye a gwanjonsu, duk abin da ya taɓa su sai ya iso Apo, unguwar kanikawa a Abuja.

Yanzu ga inda nake so ka buɗe kunne, don nan ne aikinmu ya shigo. Ba kowace sabuwa ce ta fi tsohuwa a idon mai saye ba. Dubi gidan C63 kawai. Ta 2008 zuwa wajen 2014 injinta silinda takwas ne, lita 6.2, babu turbo, in ka taka totur sai ƙirjinka ya amsa. Ta 2015, irin ta Alhaji, silinda takwas ce har yanzu amma lita 4 da turbo biyu. Wadda suka fitar bayanta, da aka nuna a ƙarshen 2022, silinda huɗu ce, lita 2, aka haɗa mata batir da injin lantarki. A takarda ta fi su duka ƙarfi, doki 680, amma nauyinta ya haura tan biyu, kuma kukan nan da ake sayen motar dominsa babu shi. Masu son irin motar suka ja baya. Me ya biyo baya? Masu tsohuwar silinda takwas suka ƙanƙame abinsu. Da tsohuwar zuma ake magani. Shi ya sa na ce wa Alhaji kada ya yi gaggawa: abin da ke hannunsa an daina yin irinsa a wannan gidan, kuma mafi yawan faɗuwar da za ta yi ta riga ta yi ta. Mota irin wannan a shekaru uku ko huɗu na farko take zubar da kuɗi kamar tulun da ya fashe, daga nan sai ta koma ɗigo. In ya sayar yanzu ya ɗauko sabuwa, ya fita daga ɗigo ya koma bakin fashewa.

Gaskiya ne, 911 tana cikin motocin da suka fi riƙe daraja a can, ba kamar Maserati ko McLaren ba, ko Taycan, Porsche ta lantarki, da ta ba masu ita kuka. Amma kada labarin intanet ya ruɗe ka. Waɗanda kake jin ana sayar da su sama da kuɗin kamfani irin su 911 GT3 RS ne, da ake yin kaɗan, dila kuma sai ya zaɓi wanda zai sayar wa. In ka ji an ce Ferrari 250 GTO ta yi dala miliyan 48.4 a gwanjo a 2018, ka tuna guda 36 aka ƙera tsakanin 1962 da 1964. Wannan ba cinikin mota ba ne, cinikin kayan tarihi ne. Kuma darajar da 911 take riƙewa, a kasuwar da ke da dubban masu nema take riƙe ta. Nan fa? Ka kai Corolla bakin titi da safe, kafin la'asar an yi cinikinta. Ka kai Lexus ko Land Cruiser, mako ɗaya ya yi yawa. Mota mai ƙofa biyu, wadda cikinta ke shafar ƙasa, mutum nawa ne a Abuja da Kano da Kaduna suke da kuɗinta kuma suke sonta? Kana iya ƙirga su, kuma duk sun san juna, sun san wace mota ce ta taɓa dukan kwalbati.

Ni kaina na sha wannan ruwan. Shekarun baya na ga wata Maserati an karyar da ita, na ce banza ta faɗi, na zuba jarin gareji na saya don in gyara in sayar. Wata goma sha ɗaya tana ƙarƙashin rumfar can inda muke ajiye jak yanzu. Kowa ya zo sai ya zaga ta, ya ɗauki hoto, ya ce a tayar ya ji kuka, sannan ya tafi ya sayi jif. Batir ya mutu sau biyu, ɓera ya ci wayoyin bayan injin, tayoyi suka yi kwanciya gefe ɗaya. Ranar da na rabu da ita ban ƙirga asarar ba, hamdala kawai na yi.

Sai maganar ƙarin da ake yi wa mota, wanda samari suka fi kawo mana: a canja salansa ta bututun hayaƙi, a sa manyan rim, a taɓa ƙwaƙwalwar injin ta ƙara doki, a naɗe jiki da leda mai launi. Aikinmu ne, za mu yi, kuma za mu karɓi kuɗinmu. Amma in mai mota ya tambaye ka ko kuɗin zai dawo ranar sayarwa, kada ka yi masa ƙarya. Ba ya dawowa, sau da yawa ma rage mata kuɗi yake yi. Mai sayen da ya san abin da yake yi, da ya leƙa ƙasa ya ga salansa ba ta kamfani ba, abin da zai faɗo masa a rai shi ne an yi tsere da motar nan. A Corolla kwalliya tana iya jawo ciniki, a nan kuwa asali ake saye. Shi ya sa kullum nake ce muku duk abin da kuka kwance, ku wanke shi, ku naɗe, ku rubuta lambar motar a jikin kwalin, ku ba mai ita ya kai gida. Ranar sayarwa a mayar da komai yadda yake. Haka masu canja wa tsohuwar Lexus LX 570 fuska ta koma kamar ta 2020: fitila da bamba sun canja, lambar shasi kuwa ba ta san an yi ba.

Ko ƙarin da kamfani da kansa yake sayarwa haka yake. A Porsche kusan komai da kuɗinsa daban, kujera, agogon gaban mota, launin zare. Mutum zai zuba dubban daloli, mai saye na biyu ba zai biya shi ko rabi ba. Birkin seramik ma, mai kalifa ruwan ɗorawa, wani mai sayen gudunsa yake, don ya san in faifan ya tashi canji kuɗinsa ya isa ya sayi ƙaramar mota.

Tunda wata rana kai za a kira ka duba irin waɗannan kafin a biya, ga abin da idonka zai nema. Da yawa daga cikin waɗanda ake kawo mana da araha daga gwanjon inshora suke, irin su kamfanin Copart na Amurka, ko haɗari ko ambaliya. Kada ƙyallin fenti ya ɗauke ka. Ja kujera baya ka haska layin ƙarfen da take gudu a kai, in ka ga tsatsa ko busasshen laka, ruwa ya kwana a ciki. Ɗaga kafet ka sa hanci. Zaro bel har ƙarshe ka duba ko akwai shatar ruwa. Dubi kan notocin da suka riƙe fenda da bonet, in fentinsu ya kwaile, sifana ta taɓa su. A gefen taya akwai lamba huɗu, in ka ga 2319 to mako na 23 ne na 2019, kuma taya huɗu na motar nan ba ƙaramin kuɗi ba ne, a cire shi daga ciniki. Ka sa kwamfuta ka gwada kilomitar da ke allo da wadda sauran na'urorin suka riƙe, sannan a nemi tarihin lambar shasi a Carfax, shafin da ke ajiye tarihin motocin Amurka. Kowane gida kuma da ciwonsa. Injin C63 mai lita 6.2 na shekarun farko notocin kan silinda suna tsatsa su karye, ruwa ya shiga inda bai kamata ba, kamshaf ma yana ci. Tsofaffin 911 da Boxster na ƙarshen shekarun 1990 zuwa wajen 2008 suna da wani boris a cikin injin da ake kira IMS, in ya watse ya tafi da injin gaba ɗaya. BMW M3 mai silinda takwas kuwa metal ɗin konrod ne ciwonta. Mai mota in ya nuna maka rasit cewa an yi waɗannan ayyukan, wannan takardar ta fi rim na miliyan biyar ƙara mata kuɗi.

Kada kuma ka manta da zaman da za ta yi a nan. An ƙera su ne don fetur mai ƙarfin da gidajen manmu ba kasafai suke da shi ba, ga zafi, ga ƙurar hunturu da ke toshe lagireto, ga tudun rage gudu a kowace unguwa da ke cin leɓen bamba. Shekara ɗaya a Najeriya ba ɗaya take da shekara ɗaya a Jamus ba, kuma ranar da ta taka tashar jirgin ruwa ta Tin Can a Legas ta rabu da kasuwar duniya, don da wuya wani ya mayar da ita can ya sayar.

Ban hana Alhaji sayen Porsche ba, kuɗinsa ne, kuma sha'awa ba a yi mata lissafi. Abin da na ce masa shi ne in ya matsu, ya nemi mai shekara uku ko huɗu wadda wani ya riga ya ɗauke mata zafin faɗuwa, mai cikakken tarihi, kuma kada ya ba dila tasa a musaya, ya sayar da ita daban ko da zai jira, don dila sai ya cire ribarsa da ladan zaman da za ta yi masa. Ya ce zai yi shawara. Na ga yadda yake kallon hoton jar Porsche ɗin nan a wayarsa, ban sa rai ba.

Jibi zai dawo da C63 ɗin a yi mata sabis. Kai za ka juye man giya, kuma ka ɗauko littafin can na cikin durowa ka rubuta kwanan wata da kilomita da irin man da muka zuba, ka manna rasit ɗin a shafin.