Safiyo ya kafa dutsen iyaka a cikin filin maƙwabci, ina mafita?

Ɗan'uwa, na fahimci matsalarka: ka sayi fuloti a Dakace, safiyo ya auna, yanzu maƙwabci ya ce dutsen iyakarka ya ci masa ƙafa uku, shi kuma safiyon ya daina ɗaukar wayarka.

Da farko ka duba taswirar da ya ba ka. Akwai sunansa da sa hannunsa da hatimin SURCON? Ita ce hukumar da dokar 1989 ta ɗora wa yi wa safiyoyi rajista da hukunta su. Da yawan masu yawo da tef a Zariya yaran aiki ne kawai, takardarsu ba ta tsayawa a kotu.

Safiyo na gaskiya ba ya auna abin da mai sayarwa ya nuna da yatsa kawai. Wajibinsa ne ya binciki tsofaffin duwatsu, ya rubuta girman da ya samu, ko da bai kai hamsin da ɗarin da aka faɗa maka ba. Na ga wani a Samaru da aka rushe masa katanga bayan ta kai linta, don an faranta masa rai ranar awo. Abin ya yi min ciwo.

Don Allah kada ka tuge dutsen da hannunka, kada kuma ka fara gini. Ku zauna da maƙwabcin gaban mai unguwa, ku kira wani safiyo mai rajista ya sake awo kuna tsaye. Sannan ka je KADGIS, hukumar kula da bayanan filaye ta Jihar Kaduna, a duba matsayin filin. Idan laifin na safiyon farko ne, ka kai ƙara SURCON a rubuce, tare da rasitinka. In maganar ta kai kotu, nemi lauya.