Amsa: Kawuna yana tsare a Ikoyi, ga annoba ta shigo gari

Ɗan'uwa, ka ce kawunka ya haura sittin, yana da ciwon suga, yana jiran shari'a a gidan yarin Ikoyi, kana tambaya ko ku jira afuwar gwamnati. Kada ku jira. Ku sa lauya ya nemi belinsa bisa dalilin rashin lafiya a kotun da ta tsare shi. In babu kuɗin lauya, jihar Legas tana da ofishin lauyoyin gwamnati mai suna OPD da ke tsaya wa marasa hali kyauta. Afuwar da aka yi wa fursunoni 2,600 a Afrilun 2020, lokacin korona, ta fi shafar waɗanda aka riga aka yanke wa hukunci, shi kuwa mai jiran shari'a alƙali ne ke da ikon sakinsa.

Sharaɗin shi ne takarda. Alƙali ba ya aiki da "wallahi ba shi da lafiya", sai rahoton likitan asibitin gwamnati mai hatimi, har da sunan maganin da yake sha. Abin da na ga yana kayar da mutanenmu na Agege da Mile 12 kuma shi ne mai tsaya wa mutum a beli: kotu kan nemi adireshin da za a iya tabbatarwa da shaidar biyan haraji, mai kwana a shago kuwa ba shi da ko ɗaya. Ku nemo mai tsaya masa tun yau. Gidan yarin Ikoyi da aka gina don mutum 800 ya taɓa ɗaukar sama da 3,000, ba wurin mai suga ba ne. Kafin nan ku kai masa maganinsa cikin kwalinsa da sabulu tun ba a rufe ziyara ba, kamar yadda aka rufe a 2020.